Daga Littafin Bashi Zuwa Rajistar Haihuwa: Jawabi Ga Jama'ar Gidigir



A zaɓen Yulin 2004 Gidigir ta sami magajin gari da majalisa, tana ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 265 na Nijar a lokacin. Rubuta haihuwa, aure da rasuwa, da karɓar harajin kasuwa, suka hau wuyan ofishinsa. A Afrilun 2024 sojoji suka rusa majalisun, amma rajista tana nan tana jiran mai cika ta.

Mai wannan iyawa yana cikin kasuwa: malamin Alhaji da ya daɗe riƙe da littafin bashi, ya san buhun kanwa nawa aka loda, wa ya biya, wa ya saura. In ya bar rumfa ya koma biro, samunsa zai ragu, wannan kowa ya sani. To amma yaron da ba a rubuta haihuwarsa ba, in jarrabawar BEPC ta gabato, sai ubansa ya ɗauki shaidu zuwa kotun Gure, ga kuɗin mota, ga rufe rumfa. Ko an kawo kwamfuta, abin da aka zuba mata shi za ta mayar.

Roƙon da ake wa hukuma shi ne a jarraba magatakarda kafin a ɗauke shi, kada a tambaye shi katin jam'iyya, kuma a biya shi albashinsa ƙarshen wata.