Ku Bar Shi Ya Taka Da Ƙafarsa

 

Ina da wani aboki baduku a Kasuwar Kurmi, cikin birnin Kano. Shekara da shekaru shi yake gyara mini jakata. Wata safiya ya tashi bakinsa ya karkace, hannun dama da ƙafar dama suka ƙi motsi. Aka kai shi asibiti, likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Bayan wata biyu na bi lungu na je gaishe shi, aka shigar da ni har ɗaki. Na same shi kwance a katifa. Wannan ɗa yana ba shi koko a baki, wancan yana sa masa hula, in ya yunƙura zai tashi sai a ce, Baba kwanta, kada ka faɗi. 'Ya'yan kirki ne, ba shakka. Amma da suka fita, ya gaya mini a hankali cewa kwanciyar ta fi ciwon cin ransa.

Wannan ciwo ba iska ba ce, ba kuwa sammu ba. Jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa, sashen da ya rasa jini ya lalace. In ɓarnar tana hagu, ɓarin dama ne yake shanyewa. A shekarar 2018 aka buga sakamakon wani babban bincike mai suna SIREN, wanda likitoci suka yi a Nijeriya da Gana, har da na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Sun tarar hawan jini ne kan gaba, nesa ba kusa ba, cikin abubuwan da suke jawo shi, rashin motsa jiki ma yana ciki.

To, ga abin da yawancinmu ba mu sani ba. Ƙwaƙwalwa tana iya koyon sabuwar hanya, amma sai da maimaici, kamar yaron da yake koyon tatata. Watanni uku zuwa shida na farko su ne lokacin da jiki ya fi saurin dawowa, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda aka kwantar a wannan lokaci, gaɓoɓinsa sukan sandare, naman jikinsa ya zube, baya ya yi gyambo, baƙin ciki ya shiga.

Ba ina cewa a tura mara lafiya hawan Dutsen Dala ba. A fara da abin da likitan gashi ya nuna, akwai su a Asibitin Murtala da Asibitin Ƙashi na Dala. Sauran aikin a gida yake. Ya tashi daga kujera ya zauna, ya sāke, wani yana tsaye kusa. Ya wanke fuskarsa da kansa ko da ruwan zai zube. Ya sa rigarsa, hannun da ya shanye shi ne zai fara shiga. Yau daga ɗaki zuwa tsakar gida, gobe zuwa soro. Gidajen cikin birni suna da dokin ƙofa mai tsawo, lunguna kuma da kwata, saboda haka a kawar da tabarma da buta daga hanya, a sa fitila da dare, a kafa masa abin dafawa a bayan gida. Ina roƙonku kuma, kada ku ja shi ta hannun da ya shanye. Kafaɗar ta saki, tana iya gocewa. Maganin hawan jini kuwa ba a barinsa don an ji sauƙi, gama ciwon yakan komo.

A Markus sura 2, mutum huɗu ne suka ɗauko shanyayye, amma da ƙafarsa ya koma gida, shi ne kuma ya ɗauki shimfiɗarsa. Ku mata zumunta da kuke zuwa gaisuwa, bayan addu'a ku ba shi kafaɗa ya ɗan taka zuwa ƙofa.

Na zauna da babban ɗan abokina, muka yi magana mai tsawo. Da ƙyar ya yarda, don yana tsoron maƙwabta su ce sun gaji da ubansu. Yanzu tsohon yana dogara sanda ya je masallacin bakin lungunsu, ya dawo da kansa. Hannun bai komo yadda zai riƙe basilla ba. Amma sau biyu a mako ana sa shi a adaidaita sahu a kai shi rumfa, ya zauna yana duba ɗinkin yara, yana yi musu faɗa in sun karkata.

Sai mako mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu.