Jawabi Kan Gudummawar Gwamnati Don Ayyukan Jama'a

Jama'a, duk wanda ya bi ta Giginyu, a gefen Nasarawa, zai ga babban asibitin nan da ake kira Asibitin Ƙwararru na Muhammadu Buhari. An fara gininsa a zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau, sa'an nan aikin ya tsaya shekara da shekaru, gini yana shan rana da ruwa. Daga baya gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ƙarasa shi, Shugaba Buhari ya buɗe shi a watan Disamba 2017. Talaka yakan ce gwamnati ta yi asibiti, ya wuce abinsa. Amma ya kamata a san inda kuɗin irin waɗannan ayyuka ke fitowa, da abin da ke sa su tsaya.

Kano ta daɗe da sanin yi wa kanta aiki. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, En'e ta jawo ruwan famfo daga Kogin Challawa tare da lantarki, aka buɗe a 1931. Kuɗin kuwa daga baitulmali ya fito, watau harajin talakawa da jangali.

Gudummawa daga waje sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta yi ƙarfi. A 1945 Majalisar Ingila ta yi dokar raya ƙasashen da ke ƙarƙashinta, ta keɓe fam miliyan 120 na shekara goma. A kan wannan ne Nijeriya ta tsara shirinta na shekara goma a 1946, na fam miliyan 55, Ingila ta ɗauki nauyin miliyan 23, sauran kuma ƙasa ta nema daga harajinta da rance. An haƙa rijiyoyi, an yi hanyoyi da asibitoci da makarantu. Sai dai kada a ɗauka kyauta ce tsantsa, gama a cikin waɗannan shekaru hukumar cinikin gyaɗa tana saye a hannun manomin Kano ƙasa da farashin duniya, tana tara rarar. Manomi yana da hannu a ciki, ko da ba a rubuta sunansa a jikin gini ba.

To, gudummawa dabam, rance dabam. Dala miliyan 28 da Bankin Duniya ya ba Nijeriya a 1958 don aikin jirgin ƙasa, wanda ya kai dogo Maiduguri a 1964, bashi ne, an biya shi da ruwa. Gudummawa ba a biyanta, amma ba ta zuwa sai da sharaɗi.

Ga misalin sharaɗin. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta umarci Gwamnatin Tarayya ta keɓe kashi 2 cikin 100 na babban asusunta don makarantun firamare da ƙananan sakandare. Jiha ba ta taɓa rabonta na gine-gine sai ta ajiye nata daidai da shi, naira kan naira. Hikimar ita ce, wanda ya sa nasa a cikin abu ya fi kula da shi. Amma an yi shekarun da jihohi da dama suka kasa ajiye nasu, kuɗi na kwance a Abuja, yara kuwa na zaune a ƙasa cikin aji mai yoyo. Wannan abin kunya ne, kuma 'yan majalisar jiha da ke duba kasafin kuɗi su ne farkon waɗanda ya kamata a tambaya.

Har wa yau, mai ba da gudummawa yawanci gini yake biya. Albashin likita da malami, da magani, da man injin wuta, da gyaran rufi in damina ta wuce, duk suna kan wuyan mai gida, kowace shekara. Saboda haka ne dokar lafiya ta 2014 ta keɓe aƙalla kashi 1 cikin 100 na asusun Tarayya don kiwon lafiya na matakin farko. Babban asibiti irin na Giginyu kuwa, ɗawainiyarsa ta yau da kullum a kasafin Jihar Kano take.