Madarunfa: wa zai amsa tambayar ƴan baya?



Laifi tudu ne, in ji Hausawa, mutum yakan taka nasa ya hango na wani. A ƙasar Nijar kowace tsara tana ɗora lalacewar al'amura a kan wadda ta gabace ta. Mutanen zamanin Seyni Kountché, wanda ya karɓe mulki a 1974, sun zargi na Diori Hamani da cin amanar talakawa a lokacin yunwa. Matasan 1990 kuwa sun zargi duka biyun da danne bakin jama'a.

Waɗannan matasa sun biya da jini. Ran 9 ga Fabrairu 1990 aka harbe ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai. Daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 aka yi Taron Ƙasa ƙarƙashin jagorancin André Salifou, inda aka titsiye manya, aka kafa kwamitin binciken laifuka da cin zarafi. A 1993 Mahamane Ousmane ya hau mulki ta hanyar ƙuri'a.

To, waɗanda suka yi wa iyayensu hisabi a wancan taro su ne dattawan yau. Dimokuraɗiyyar da suka ƙwato ta faɗi a 1996, a 1999, a 2010 da kuma a 2023. Soja ne ke ɗaukar bindiga, gaskiya ne, amma farar hula ne ke share masa fage. Rigimar shugaban ƙasa da firaministansa ce ta tsayar da gwamnati a 1995. Farar hula ne suka yi wa tazarce ganga a 2009. Ɗan kasuwa ya zuba wa jam'iyya kuɗi don kayansa su wuce duwan ba bincike. Ma'aikaci ya karɓi katin jam'iyya don ya tsira daga canjin wurin aiki. Talaka ya ga haka, ya sayar da ƙuri'arsa da turmin atamfa da sabulu.

Akwai uzuri, ba a musu. An karya darajar sefa da rabi a Janairu 1994, ma'aikata sun yi watanni ba albashi. Amma talauci bai tilasta wa kowa ya koya wa ɗansa cewa wayo ya fi gaskiya ba.

Madarunfa tana da ma'aunin kanta. Kakanni sun bar tafki mai kifi, da kaburburan waliyyai 99 da ake ziyarta, da dajin Baban Rafi. A 2006 aka shigar da tafkin da kaburburan cikin jerin wuraren da Nijar ke son UNESCO ta amince da su. Duk da haka gatari ya ci daji, rairayi yana cike tafki. Ƙauyukan Gabi da Ɗan Isa sun san masu satar mutane don kuɗin fansa, har manomi yakan ji tsoron gonarsa.

Matashin da ya bar lakkol ya kama safarar mai a babur daga Jibiya bai ƙirƙiro kome ba. Ya ga yadda aka tara dukiya a gabansa, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Gyara yana hannun waɗanda ke raye. Ɗan kasuwa ya biya haraji, sannan ya tambayi inda aka kai shi. Ma'aikaci ya riƙe ofishinsa amana, ko wa ke kan kujera. Dattawa su faɗa wa ƴaƴansu abin da aka yi a 1991 da abin da aka ɓata bayansa, ba tare da wanke kai ba. Tsarar da ta kira iyayenta gaban taro ta shirya amsa, domin ƴan baya za su kira ta.

Allah ya ba da ikon gyarawa.