GIDAN DA YA ZAMA MAKARANTA: Rayuwar Iyali Mai Yara Da Yawa a Amurka

 An ba ni in yi magana a kan wata al'ada da ta yi ƙarfi a ƙasar Amurka, wato iyaye su riƙe 'ya'yansu a gida su koyar da su da kansu, maimakon su kai su makaranta. Labarin yana zuwa mana a gutsuttsure, kuma na ji waɗansu cikinmu suna sha'awarsa. Saboda haka ina so mu leƙa cikin irin wannan gida, musamman mai yara da yawa kuma ƙanana, mu ga yadda suke wuni da yadda suke fita yawo a lokacin zafi. Mu ga daɗin abin, mu kuma ga wanda yake ɗauke da nauyinsa.

Da farko mu san girman abin. Kafin shekarar 1993 akwai jihohin Amurka da suke tsananta wa masu yin haka, amma daga wannan shekara ya zama halal a dukan jihohi 50. Ma'aikatar ilimi ta ƙasar ta ƙiyasta yara 850,000 ne suke karatu a gida a 1999. A 2003 sun kai miliyan 1.1, a 2007 kuwa miliyan 1.5. Da annobar korona ta rufe makarantu a 2020, sai adadin ya yi tsalle ƙwarai. A binciken 1999 an ga cewa wajen kashi 62 cikin ɗari na waɗannan yara sun fito daga gidaje masu 'ya'ya uku ko fiye. A na 2007, iyaye kashi 36 cikin ɗari suka ce babban dalilinsu shi ne koyar da addini da tarbiyya. Da yawa daga cikinsu sukan kafa hujja da Maimaitawar Shari'a sura 6, inda aka ɗora koyar da 'ya'ya a wuyan iyaye.

To, mu ɗauki misali. A ce gida ne mai yara bakwai, babbar tana da shekara goma sha uku, autan kuwa yana goye. Uba yakan fita aiki da sassafe, gama yawancin irin waɗannan gidaje albashi ɗaya suke ci. Uwa ce malama, ita ce shugabar makaranta, ita ce mai dafa abinci, ita ce kuma mai jego. Babu ɗan aiki, domin ɗaukar ɗan aiki a ƙasar nan sai mai hali ƙwarai. Kaka ma sau da yawa tana wata jiha mai nisan tafiyar yini guda ko biyu a mota. Ku riƙe wannan, gama mu nan idan aka ce gida mai yara bakwai, a zuciyarmu mukan ga inna da gwaggo da ƙanwar miji suna kai da kawowa a tsakar gida. A can mace ɗaya ce tilo.

Abin da yake riƙe gidan shi ne tsari. Akan manna takarda a jikin firji da sunan kowa da aikinsa: wannan ya kwashe kwanuka, wancan ya zuba kaya a injin wanki, ɗan shekara huɗu ma yana da nasa, ko da haɗa safa biyu-biyu ne. Bayan karin kumallo sai a taru gaba ɗaya a teburin cin abinci, a yi addu'a, a rera waƙa, a karanta Littafi Mai Tsarki, a karanta wani littafin labari da murya. Tarihi da sanin ƙasa da kimiyya akan yi su tare, manya da ƙanana, kowa ya ɗebi daidai ƙarfinsa. Lissafi da koyon karatu ne ba sa haɗuwa, dole kowane yaro a zauna da shi shi kaɗai. Saboda haka uwa takan yi ta zagaye, minti goma sha biyar nan, minti ashirin can. Sa'ad da take tare da ɗan shekara shida, 'yar shekara goma tana wasa da mai tatata, in an jima su yi musanya. Darasi mai wuya kuwa sai an jira jariri ya yi barcin rana. Ƙananan sukan gama kafin azahar, domin yaro ɗaya da malama ɗaya ba sa bukatar sa'o'in da aji mai yara talatin yake bukata.

Wannan tsari ba sabo ba ne. Susana Wesli, mahaifiyar Yohanna da Chales Wesli waɗanda suka kafa ɗarikar Metodis, ta haifi 'ya'ya 19 a Ingila, goma suka rayu suka girma. A garin Efwot ta koyar da su a gida sa'a shida kowace rana, daga ƙarfe tara zuwa goma sha biyu, sa'an nan daga biyu zuwa biyar. Yaro ba ya fara karatu sai ya cika shekara biyar, daga nan a rana ɗaya take so ya san baƙaƙe duka. Ta haɗa babban yaro da ƙarami su riƙa karanta Zabura tare. Ta kuma ware wa kowane ɗa lokacinsa a mako, su zauna su biyu kaɗai; daren Alhamis ne na Yohanna. Amma dokarta da na fi so ita ce wadda ta ce ba za a koya wa yarinya ɗinki ba sai ta iya karatu sosai. Ta rubuta wannan a wasiƙar da ta aika wa Yohanna a 1732.

Na tsaya a kan wannan doka domin a nan ne irin wannan gida yakan yi tuntuɓe. Babbar 'ya ita ce hannun daman uwa. Taimako abu ne mai kyau, yaron da bai iya aikin gida ba an cuce shi. Amma akwai iyaka tsakanin yarinya mai taimakon uwarta da yarinyar da aka mayar uwa ta biyu. Idan kullum ita ce mai goyo sa'ad da ƙannenta maza suke lissafi, a ƙarshen shekara littafinta ne zai tsaya a shafi na talatin, ba kuwa malamin waje da zai lura ya yi tambaya. Waɗansu matan da suka tashi a irin waɗannan gidaje sun fito fili sun faɗi haka bayan sun girma. Iyaye mata da suke nan, na san ba sai an je Amurka kafin a ga wannan ba.

Yanzu mu zo lokacin zafi, wato watannin Yuni, Yuli da Agusta. Mutanen arewacin ƙasar sun sha watanni a kulle cikin ɗaki saboda sanyi da ƙanƙara, ga yara bakwai cikin gida ɗaya kamar kaji a akurki. Da zafi ya shigo, rana takan daɗe ba ta faɗi ba, har bayan ƙarfe takwas na dare da sauran haske. Makarantun gwamnati sukan tafi dogon hutu. Masu karatu a gida kuwa, waɗansu sukan ajiye littattafai gaba ɗaya, waɗansu su rage su bar lissafi da karatu kaɗan da safe don kada yara su manta.

A wurinsu fita yawo ma darasi ne, kuma da yawa sun koyi wannan daga wata malama 'yar Ingila mai suna Shalot Meson, wadda ta rayu daga 1842 zuwa 1923. A littafinta na 1886 ta shawarci iyaye su bar ƙananan yara a waje sa'a huɗu zuwa shida kowace rana mai kyau, daga Afrilu zuwa Oktoba. Kowane yaro ya riƙe ɗan littafi, ya zana ganye ko tsuntsu ko ƙwaron da ya gani, ya sa kwanan wata. In an dawo gida ya faɗi abin da ya gani da bakinsa. Uwa ba za ta cika shi da bayani ba, sai dai ta ce masa ya koma ya sake dubawa da kyau. Abin dariya ne a ce sai da aka rubuta littafi kafin a san yaro yana bukatar ƙasa da iska, amma ku dubi hikimar: yaron da ya iya kallo da kyau ya kuma iya ba da labarin abin da ya gani daidai, ya riga ya kama hanyar kimiyya da ta rubutu.

Fitar kanta aiki ce. Mutum tara ba sa shiga ƙaramar mota, saboda haka sukan sayi bas mai kujeru 12 ko 15. Doka ta tilasta a ɗaure ƙananan yara a kujerarsu ta musamman, ɗaure uku ko huɗu kaɗai ya isa ya ci minti goma. Tun dare akan shirya guzuri, burodi da aka shafa wa niƙaƙƙiyar gyaɗa, ruwa, 'ya'yan itace, kayan canji na ƙanana, gama sayen abincin mutum tara a hanya ya fi ƙarfin albashi ɗaya. Waɗansu sukan sa wa yara riga mai launi ɗaya don a gane su cikin taro. Kowane babba yana da ƙaramin da aka damƙa masa, uwa kuwa bakinta ba ya hutawa da ƙirga kawuna.

Kuma wurin da ba a biyan kuɗi suke nema. Laburaren gari yakan shirya gasar karatu ta lokacin zafi, yaro ya rubuta littattafan da ya karanta a ba shi 'yar kyauta. Gidajen tarihi na Smithsonian a birnin Washinton kyauta ake shiga. Akwai gonakin da mutum yake shiga ya tsinki 'ya'yan itace da hannunsa, a auna ya biya. A watan Yuni sitiroberi ake tsinka, irin wanda ake nomawa a tudun Jos. Ikkilisiyoyi sukan yi makarantar Littafi Mai Tsarki ta mako guda domin yara. Babbar tafiya ta shekara kuwa takan zama zuwa gandun dajin gwamnati, a kafa tanti a kwana biyu ko uku. Yelosuton, wanda aka keɓe tun 1872, yana da maɓulɓular ruwan zafi da take feshi sama kusan kowace sa'a ɗaya da rabi. A irin waɗannan gandaye akan ba yaro ɗan littafin tambayoyi, in ya cika shi ma'aikacin daji ya ba shi lambar yabo ya maƙala a riga. A 2015 gwamnati ta fara ba ɗan aji huɗu takardar shiga kyauta shi da iyalinsa, har da wanda yake karatu a gida.

Amma lokacin daɗin nan shi ne lokacin haɗari. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta nuna cewa nutsewa a ruwa ya fi kowane abu kashe yara masu shekara ɗaya zuwa huɗu a ƙasar. Yaro mai nutsewa ba ya ihu, shiru yake tafiya, sau da yawa kuma manya suna nan kusa, kowa yana tsammani wani ne yake kallo. Shi ya sa gidaje masu hankali sukan naɗa babban mutum ɗaya a bakin ruwa, ba hira, ba waya, sai ya miƙa aikin ga wani da baki kafin ya tashi. Wannan ba aikin 'yar shekara goma sha uku ba ne. Haka nan a matsakaici yara fiye da 30 a shekara sukan mutu a cikin motar da aka rufe a rana, domin zafin cikin mota yakan hau da sauri cikin minti goma. A bas mai layin kujeru huɗu, jaririn da ya yi barci a can baya yana da sauƙin mantawa. Da yamma kuma sai a tuɓe yara a duba jikinsu saboda kaska, wadda take ɗauke da cutar Layim, mai sunan wani gari a jihar Konetikat inda aka lura da ita a 1975.

Akwai wani haɗari da ya fi waɗannan ɓoyuwa, kuma dattawa, ku ne nake so ku ji shi. Jihohi sun bambanta wajen sa ido. A Niyok iyaye suna ba da rahoto sau huɗu a shekara. A Fensilbeniya wani malami yana duba aikin yaro kowace shekara. A Teksas kuwa ba a ma bukatar iyayen da ba su taɓa sa yaro a makaranta ba su sanar da hukuma. A watan Janairu 2018, a jihar Kalifoniya, aka gano 'ya'ya 13 na gida ɗaya cikin yunwa da azaba, waɗansu a ɗaure da sarƙa. Uban ya yi wa gidan rajista a matsayin makaranta. Sai da wata 'yar shekara 17 ta tsere ta taga ta kira 'yan sanda. Yawancin masu koyarwa a gida mutanen kirki ne masu ƙaunar 'ya'yansu, kuma su ma abin ya girgiza su. Duk da haka, a ganina gidan da ba ya son kowa ya ga yaransa abin tambaya ne. Gidajen da abin yake yi wa kyau su ne waɗanda ake ganinsu kullum, a sujada, a laburare, a taron da iyalai suke haɗuwa sau ɗaya a mako su koyar da yaran juna.

Kada wani ya tashi daga nan ya ce fasto ya ce a cire yara daga makaranta. A Nijeriya dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro firamare da ƙaramar sakandare. Uwar nan ta Amurka kuma tana da laburare kusa, da wutar da ba ta ɗaukewa, da littattafan da aka tsara mata darasi bayan darasi. Abin da yake hannunmu shi ne dogon hutun yaranmu, wanda yake faɗawa tsakiyar damina. Yaron da ya bi mahaifinsa gona zai iya auna tsawon karan masara ɗaya kowace Asabar ya rubuta, ya zana bambancin ganyen gero da na dawa, ya dawo ya ba kakarsa labari. Littafin rubutu ɗaya da fensir sun isa. Rafi kuwa a watan Agusta cike yake, maganar naɗa mai kallo ta shafe mu kai tsaye.

A can, wajen ƙarshen Agusta kwalayen sababbin littattafai sukan fara isowa. Akan cire tsohuwar takarda daga jikin firji a rubuta sabuwa, kowa ya hau mataki ɗaya: mai haɗa safa ya koma share tebur, mai tatata ya gaji haɗa safa. Da yawa sukan ajiye tafiya ɗaya sai watan Satumba, bayan sauran yara sun koma aji, lokacin da wuraren yawo suka yi sauƙin jama'a, kuɗin masauki kuma ya sauka.

Sai mu tashi tsaye mu yi addu'a.