Jawabi a Bikin Yaye Sababbin Malamai a Mubi

 

Ku 'ya'yanmu da ake yayewa yau, takardar da za a miƙa muku yanzu mutum biyu ko uku ne suka sa mata hannu, amma waɗanda suka yi ɗawainiyarku sun fi haka nesa ba kusa ba.

A 1976, da gwamnatin tarayya ta buɗe ƙofar firamare kyauta ga kowane yaro, azuzuwa suka cika maƙil, malamai kuwa suka yi ƙaranci. A shekarar aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, don malami ya ƙaro ilimi yana bakin aikinsa. Yau muna da kwalejojin ilimi a Hong da Yola, ga Jami'ar Jihar Adamawa a nan Mubi tun 2002. Alhamdulillahi. Sai dai kwaleji ita kaɗai ba ta ƙera malami.

Ku tuna watannin da aka tura ku gwajin koyarwa. Ka shiga aji ɗaya a Gella ko Vimtim, alli a hannu, ka tsara darasi tsaf da Turanci. Yaron da ke gaba da yaren Gude ya tashi, na kusa da shi Fali yake ji, wata yarinya a can baya Fulatanci kawai take amsawa. Wa ya fitar da kai kunya? Tsohuwar malamar ajin, wadda ta matso ta raɗa maka cewa ka fara da Hausa, ka sa su ƙirga da tsakuwa. Ita ma ta horar da ku, amma ba a buga sunanta a takardar gayyata ba, alawus kuma ko sisi. A ganina wannan rashin adalci ne. Na kuma san akwai makarantun da malamin aji, da zarar ɗalibin kwaleji ya iso, sai ya sakar masa yara ya nufi kasuwa. Hedimastoci, wannan kam a gabanku yake.

Mutanen garin nan ba sa bukatar a karanta musu amfanin haɗa hannu. A ƙarshen Oktoban 2014, da mahara suka shigo, Mubi ta watse, makarantu suka rufe, wasu suka tsallaka Kamaru, wasu suka yi Yola. A Yola limamai da fastoci suka haɗu da Jami'ar Amurka ta Yola suka ciyar da masu gudun hijira, ba a tambayi kowa addininsa ba.

Roƙona biyu ne. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce sai jiha ta ajiye nata kason kuɗin kafin ta karɓi na tarayya, don haka muna roƙon gwamnati ta riƙa ajiye shi a kan kari. Kwalejoji kuma su zauna da makarantun firamare, a zaɓi gogaggun malaman da za su riƙa kula da ɗaliban da ake turawa gwajin koyarwa, a horar da malaman, a biya su.

Ku kuma sababbin malamai, in an tura ku Maiha ko Michika, ku je, kada ku tsaya neman wanda zai canja muku wuri. Allah ya sa albarka a aikinku, ya kai kowa gida lafiya.