Baƙon Ɗalibi da Fashin Aji

Yau batunmu fashin aji.

Tun kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, birnin Zazzau ke karɓar baƙin ɗalibai. Suna zama kan tabarma a zaurukan malaman unguwannin Juma da Kona, littafi a buɗe. Malam na ɗaga ido ya san wanda bai zo ba.

Yau 'ya'yanmu ne baƙi a Ingila. A can, yawan fashin aji kan jawo a soke bizar ɗalibi.

Iyaye, ku riƙa tambayarsu. Ɗalibai, karatu ya kai ku, karatu zai zaunar da ku. Ku shiga aji, ku shiga kullum.

Allah ya ba da sa'a.