Iccen pekan: inuwa da ɗiya a ƙofar gida

Jawabin yau a kan wani icce ne na ƙasar Amurka, sunansa pekan. Babu shi a dajin Nijar. Amma a yadda mutanen can suke dasa shi a gidajensu, akwai darasi ga duk mai son inuwa da ɗiyan icce.

Wane irin icce ne?

Asalin pekan fadamun kogin Misisipi ne a Amurka, da wasu wurare na Meziko. Babban icce ne. Tsawonsa yana kai metir 30, har ya wuce. Yana iya rayuwa fiye da shekara 200. Ɗiyansa suna da ɓawo mai tauri, girmansu kamar na dabino. In an fasa, a ciki akwai ƙwaya mai daɗi, wadda ta fi gyaɗa mai. Amurka da Meziko sunka fi kowa noma shi, sai Afirka ta Kudu. A 1919 jihar Tekzas ta zaɓe shi ya zama iccen jihar.

Amfanin aure

Pekan da anka shibka da ƙwaya yakan yi shekara 10 zuwa 15 kafin ya yi ɗiya. Kuma ba a san irin ɗiyan da zai yi ba. Wajen 1846, a jihar Luwiziyana, wani bawa baƙar fata mai aikin garka, ana ce masa Antuwan, ya yi nasarar aurar da pekan. Ya yanko reshen icce mai kyawawan ɗiya, ya haɗa shi da ƙaramin icce, sunka zama ɗaya. Pekan mai aure yakan fara ɗiya a shekara 5 zuwa 8, kuma ɗiyan irin na uwar ne. Wannan dabara ita ce ake yi wa mangwaro a Nijar.

Yadda suke dasa shi

1. Mai gida yana dasa shi lokacin ɗari, sa'ad da iccen ya kaɗe ganye.
2. Yana nisanta shi da ɗaki da kamar metir 10, domin rassansa suna karyewa in iska ta yi ƙarfi.
3. Yana gina rami mai zurfi, domin saiwar pekan doguwa ce. In ta lanƙwashe ko ta bushe, iccen ba ya kamawa da kyau.
4. Ba ya zuba takin zamani cikin ramin, don kada saiwa ta ƙone.
5. Yana sare kashi ɗaya cikin uku na kan iccen, don saiwa ta iya ciyar da saura.
6. Yana ba shi ruwa kowane mako, litir 40 zuwa 60, har shekara 2.

Icce guda ba ya isa. Pekan yana da furen namiji da na mace a jikinsa, amma ba su cika nuna lokaci ɗaya ba. Shi ya sa ake dasa iri biyu kusa da juna, iska ta yi barbara. Masu dabino na Kawar da Abzin sun san wannan zance: in ba a yi barbara ba, babu dabinon kirki.

Zai yi a Nijar?

Pekan yana son ɗari mai ƙarfi na makonni da yawa, ya huta, kana ya yi fure. Yana son ƙasa mai zurfi da ruwa mai yawa lokacin zafi. Hunturun Maraɗi da Damagaram da Tawa bai kai wannan ɗari ba. Wanda ya kashe kuɗinsa ya sayi irin pekan yana iya jira shekara da shekaru, bai ga ɗiya ba. Kowane icce da ƙasarsa.

Abin koyi

Wanda ya dasa pekan ya san jikokinsa za su fi shi moriyarsa, amma bai fasa ba. Manomin Nijar yana da itatuwan da sunka san rana da fari. Inda rijiya take kusa, mangwaro mai aure yakan fara ɗiya a shekara 3 ko 4. Inda ruwa ke da wuya, akwai tsamiya da kurna da kuka da aduwa. Duka suna ba da inuwa, suna ba da abin ci ko na kai wa kasuwa.

Dokar ɗaya ce, can da nan: a zaɓi iri mai kyau, a ba shi fili, a gina rami mai zurfi, a ba shi ruwa da rani. A nan sai an ƙara da shingen ƙaya, domin akuya tana cinye aikin shekara a yini guda.

Tun 1975, ranar 3 ga Agusta ita ce ranar dashen itace a Nijar. Mai niyya ya gina raminsa tun farkon damina, ya nemi iri wurin ma'aikatan daji. Mahaƙurci mawadaci. Allah ya ba da sa'a.